Kundin aikin auna ƙugu a unguwarmu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka buɗe aikin auna ƙugun manya a unguwarmu da ke cikin birnin Kano. Mai unguwa ya ba mu aron zaurensa domin maza, shugabar Islamiyyar matan aure kuma ta ware mana aji ɗaya duk Asabar bayan an tashi karatu. Ni ke auna mata tare da wata ɗalibar aikin jinya, maza kuma abokin aikina ne ke auna su, jami'in lafiyar al'umma. Kayanmu ba su da yawa: tef wanda ba ya talewa, sikeli, ma'aunin tsawo da muka manna a bango, na'urar awon hawan jini, da ta awon suga da ake tsira yatsa.

Abin da ya tayar da aikin shi ne yadda ake kawo mana mutane asibiti ɓarin jikinsu ya shanye, ko suga ya riga ya taɓa ƙoda da ido, 'yan uwa suna rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau, ko ƙiba ba shi da ita. Sai ka ɗaga riga ka ga hannu siriri, ƙafa siririya, ciki kuwa ya yi gaba. Sikeli bai taɓa yi wa irin wannan mutum gargaɗi ba. Muna so mu ga ko tef zai yi, tun da sauran lokaci.

Kowa za mu rubuta shekarunsa, tsawo, nauyi, ƙugu, faɗin kwatangwalo da hawan jini. Wanda awonsa ya nuna haɗari zai dawo da safe bai karya ba, a duba suga. Ba ma rubuta suna a babban littafi, lamba muke ba mutum a kati ya tafi da ita. Masu juna biyu da masu jego ba sa cikin awon ƙugu, jininsu kawai muke dubawa.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun tsayar da wurin ɗora tef, domin idan kowa ya auna inda ya ga dama, lissafin ba zai yi amfani ba. Hanyar Hukumar Lafiya ta Duniya muka ɗauka: a laluba haƙarƙari na ƙarshe, a laluba saman ƙashin ƙugu, a ɗora tef a tsakiyarsu. Mutum yana tsaye, ƙafafu a haɗe, hannuwa a sake, a karanta bayan ya fitar da numfashi kamar yadda ya saba. Kada tef ya nutse cikin fata, kada kuma ya yi sako-sako. Sau biyu ake aunawa, idan bambancin ya wuce santimita 1 a sake.

Wahalar tana wajen tufafi. Sanyin hunturu ya sa dattawa suna zuwa da riga kan riga, ga ɗaurin zani mai kauri a wajen mata. Mun rataya labule a kusurwar ajin, kuma tun daga nan mata suka saki jiki. Maza kuma da yawa suna tsuke ciki da zarar sun ga tef, sai abokin aikina ya ja su da hira har numfashi ya daidaita.

Wani abu da ya fito a zaure: kusan kowane namiji ya san awon wandonsa a inci, kuma da shi yake musu. "Malam, ai ni 34 tela yake yanka mini tun aurena." Gaskiya ya faɗa, amma wandon yana zama ne a ƙarƙashin tumbin, awonmu kuwa a kansa yake bi. Don haka muka rubuta iyakokin da inci a bayan kati. Ga namiji, haɗari yana farawa daga santimita 94, wato wajen inci 37, ya yi tsanani daga 102, wajen inci 40. Ga mace 80 ne, inci 31 da rabi, sai 88, kusan inci 35.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mutum biyu a rana ɗaya sun nuna mana abin da muka daɗe muna faɗa da baki.

Na farko ɗan dako ne, matashi. Tsawonsa santimita 172, nauyinsa kilo 82. A lissafin BMI, wato a raba nauyi da tsawo sau tsawo a mita, ya samu 27.7, kuma jadawalin Hukumar Lafiya ya sa duk wanda ya kai 25 cikin masu nauyi fiye da kima. Ƙugunsa kuwa 82 ne, bai kai rabin tsawonsa ba, jininsa lafiya lau. Nauyinsa na tsoka ne da ƙashi. Na biyu mai shago ne, ya haura hamsin. Tsawo 168, nauyi kilo 66, BMI 23.4, wanda kowane jadawalin bango zai ce masa madalla. Ƙugunsa 97. Jininsa ya haura 140 bisa 90 a awo biyu, an ba shi takardar zuwa asibiti da ranar dawowa awon suga.

BMI ba ƙarya yake yi ba, tambayar da ake yi masa ce ta fi ƙarfinsa. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da lissafin a shekarun 1830 yana nazarin matsakaicin jikin jama'a, ba majinyaci ɗaya ba, kuma sai a 1972 Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa sunan da ake kiransa yau. Ba ya bambanta kitse da tsoka, balle ya faɗi inda kitsen ya kwanta. Batun wurin kwanciyar kitse kuwa tsoho ne: tun 1947 wani likita a Marsai ta Faransa, Jean Vague, ya lura cewa masu tara kitse a ciki da saman jiki sun fi masu tara shi a cinya da ɗuwawu kamuwa da suga da cutar jijiyoyin jini. Binciken INTERHEART da Salim Yusuf ya jagoranta a ƙasashe 52 ya tabbatar da haka a 2005, inda aka ga awon ƙugu bisa kwatangwalo, wato a raba awon ƙugu da na kwatangwalo, ya fi BMI alaƙa da bugun zuciya. A watan jiya ma, wani kwamitin ƙwararru na mujallar Lancet ya ba da shawarar a daina yanke hukuncin ƙiba da BMI shi kaɗai, a haɗa da awon ƙugu. Na ji daɗin wannan, domin tef ya fi sikeli araha, kuma ba ya buƙatar batir.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Malamar Islamiyya ta ba ni rabin awa in yi wa mata bayani, don tambaya ɗaya ke ta maimaituwa: kitse ai kitse ne, me ya sa na ciki ya fi laifi?

Na ce musu su tuna ragon layya idan an feɗe shi. Akwai kitsen da ke manne da fata, akwai kuma farin mayafin nan da ya lulluɓe tumbi da hanji. Mutum ma haka yake. Wanda ake iya mintsinawa a cinya ko damtse yana ƙarƙashin fata, kuma galibi ajiya ce mai zaman lafiya. Na cikin ciki jininsa kai tsaye yake zuba cikin hanta, yana kai mata maiƙo da sinadaran kumburi dare da rana. Hanta ta tara kitse, ta daina jin umarnin insulin, wato homon ɗin (sinadarin da jiki ke fitarwa don aika saƙo ta jini) da ke shigar da suga cikin tsoka, sai ta ci gaba da zuba suga cikin jini ko ba a buƙata. Jiki ya ƙara fitar da insulin don ya cike giɓin, shekara da shekaru, har sashen da ke samar da shi ya gaji. A wannan tsakanin maiƙon jini yana hawa, kwalastaral mai amfani yana sauka, ƙoda tana riƙe gishiri, jini yana hawa, bangon jijiyoyi yana kauri. Mutum bai ji ciwon komai ba.

Abin da ya fi ba su mamaki shi ne jin cewa kitse da kansa yana fitar da homon. Ba a daɗe da sanin haka ba: a 1994 ne Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller suka gano leftin, wanda kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa don ta san yawan ajiyar jiki. Akwai kuma adifonektin, mai taimakon aikin insulin, shi kuwa raguwa yake yi idan kitsen ciki ya ƙaru.

Wata dattijuwa ta ɗaga hannu. "'Yata, ni da ƙuruciya a ƙasa nake tara jiki. Tun da al'ada ta ɗauke sai ciki. Ko cin nawa bai ƙaru ba." Na ce, "Inna, haka ne, ba ke kaɗai ba ce. Idan istrojin, homon ɗin mata, ya ragu bayan ɗaukewar al'ada, kitse yana ƙaura zuwa ciki, kuma daga nan haɗarin ciwon zuciya ga mace yake ƙaruwa. Shi ya sa ku muka fi so mu auna."

Za mu dakatar da awon suga na safe da komawa kan sikeli har bayan Sallah, domin nauyi yana sauyawa da yawan ruwan jiki a azumi. Awon jini zai ci gaba bayan sallar asham ga masu shan magani.

Asabar, 15 ga Maris, cikin azumi

Ba awo yau, na zauna da littafi. Iyakar 94 da 80 tana damuna. Daga binciken Turawa aka samo su, kuma Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya, IDF, da ta sa su cikin ma'auninta na 2005, ta faɗa ƙarara cewa mutanen Afirka kudu da Sahara su yi amfani da na Turai ne kafin a samu nasu. Ga kuma matsalar tsawo. Mai santimita 160 da ƙugu 90 bai kai iyakar 94 ba, alhali ƙugunsa ya wuce rabin tsawonsa da santimita 10. Dogo mai 190 da ƙugu 94 ya faɗa cikin jan layi, alhali bai kai rabi ba.

Don haka daga bayan Sallah babban ma'auninmu zai zama ƙugu bisa tsawo, wato a raba awon ƙugu da tsawon mutum. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin aikin lafiya, ta ɗauke shi a 2022: daga 0.4 zuwa 0.49 lafiya, 0.5 zuwa 0.59 haɗari ya ƙaru, 0.6 zuwa sama haɗari babba, ga maza da mata duka, muddin BMI bai kai 35 ba. Kyansa shi ne ba ya buƙatar karatu. A yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka biyu, a zagaya ƙugu. Idan bakunan suka haɗu, to. Idan suka ƙi haɗuwa, a zo a auna jini da suga. Sauran awon za mu ci gaba da rubuta su, ko don wanda zai zo bayanmu ya kwatanta.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun dawo. Igiyar ta karɓu fiye da zatona, har wasu matan sun yi wa mazajensu a gida sun turo su zaure.

Yau batun homon ya fito fili, kuma ya tsaya mini a rai. Wata matashiya, aurenta shekara huɗu ba haihuwa, ƙugu bisa tsawo 0.58. Da ta sunkuya sai na ga bayan wuyanta ya yi baƙi, fatar ta yi kauri da laushi. Ta ce ta gaji da dirzawa da soso, har dangin miji suna yi mata gorin ƙazanta. Wannan ba dauɗa ba ce, alama ce ta insulin da ya yi yawa a jini, kuma takan fito a hammata da matsematsi. Na tambaye ta al'ada, ta ce sai ta yi wata uku ba ta gani ba. Ga gashi a haɓa tana tsigewa a ɓoye, ga ƙuraje.

Ba aikina ba ne in yanke mata hukunci a ajin Islamiyya, amma waɗannan alamu suna tafiya da cutar ma'ajiyar ƙwai da likitoci ke kira PCOS, wadda ke shafar kimanin mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa, kuma mafi yawansu ba su san suna da ita ba. Insulin mai yawa yana tunzura ma'ajiyar ƙwai ta fitar da homon ɗin maza fiye da kima, yana kuma rage furotin ɗin da hanta ke yi don ɗaure shi, sai ƙwai ya daina fita a kan lokaci. Bisa ƙa'idar da ƙwararru suka tsayar a birnin Rotadam a 2003, likita yana neman biyu cikin uku: rikicewar fitar ƙwai, alamar yawan homon ɗin maza, da abin da sikanin ya nuna, bayan ya kawar da wasu cututtukan. Na rubuta mata takarda zuwa sashen mata. Na kuma gaya mata abu biyu: ana samun haihuwa da wannan cuta, kuma ko bayan haihuwar sai ta riƙa duba suga da jini, domin haɗarin yana bin mace har tsufa. Shekara huɗu tana shan jiƙe-jiƙe, ba wanda ya taɓa tambayarta kwanakin al'adarta.

A zaure ma abokin aikina ya ce maza sun fara yi masa raɗa bayan awo, kan raunin kusantar iyali. Kitse yana da sinadarin da ke juya testosteron, homon ɗin maza, ya koma istrojin, kuma ƙarancin testosteron yana ƙara tara kitsen ciki, abu ya zama zagaye. Bayan haka, jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka rauni a nan yakan riga ciwon zuciya bayyana da shekaru. Yana gaya musu kafin su sayi maganin ƙarfin maza a bakin tasha, su zo a auna jini da suga.

Asabar, 3 ga Mayu

Sha-ka-fashe. Ban sa shi cikin tsarin aikin ba, shi ya shigo da kansa. 'Yan mata masu shirin aure da wasu matan aure suna zuwa da kamanni ɗaya: fuska ta yi zagaye ta cika, kitse ya taru a doron wuya, ciki ya fito, hannu da ƙafa sun sirance, ga nankarwa mai faɗi ja-ja a ciki. Idan na tambaya a hankali, sai a ce ana shan ƙwayar ƙiba, ko haɗin da wata mai kayan mata ta bayar. Da yawa cikin waɗannan ƙwayoyi deksametason ne, wanda ke aiki irin na kotisol, homon ɗin da jiki ke fitarwa daga saman ƙoda. Idan ya yi yawa yana cinye tsoka, ya tura kitse ciki, ya hau da suga da jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da dangin wannan magani, kuma fata tana shanye shi.

Abin da nake nanatawa: wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya. Jiki ya riga ya rage yin nasa kotisol, yankewa farat ɗaya tana iya sa jini ya faɗi har a rasa rai. Likita ne zai rage shi kaɗan-kaɗan. Kuma ba na yi musu faɗa. Yarinyar da aka yi ta gaya wa cewa amarya ramammiya abin kunya ce, ba ita ta ƙirƙiro matsalar ba. Na roƙi malama ta ba ni lokaci da iyaye mata su kaɗai.

Asabar, 17 ga Mayu

Ranar hawan jini ta duniya, zauren ya cika har waje. Abubuwa biyu na rubuta don kada tef ya ruɗe mu.

Ba kowane babban ciki ne kitse ba. Wani dattijo ya zo cikinsa a ɗaure kamar zai tsage, ƙafafu a kumbure, idanu sun yi rawaya. Ruwa ne, kuma hanta ake fara zargi, ko zuciya. Aka kai shi asibiti a ranar. A wajen mata akwai ƙarin mahaifa, akwai kuma mai jegon da zuciyarta ta raunana bayan haihuwa, cutar da aka daɗe da sani a Zariya da Kano, wadda kumburi da haki ke nunawa.

Haka kuma siririn ƙugu ba shaidar tsira ba ne. Mun samu ramammu masu hawan jini sosai, da wani matashi siriri mai yawan fitsari da ƙishirwa wanda sugansa na safe ya wuce 126, iyakar da ke nuna ciwon suga, nesa. A watan jiya ne IDF, a taronta na Bankok, ta amince da wani nau'in ciwon suga mai alaƙa da rashin abinci mai gina jiki tun ƙuruciya, wanda ramammu yake kamawa. Don haka duk wanda ya shigo, ko igiya ta haɗu ko ba ta haɗu ba, sai an ɗaura masa na'urar jini. Masu sikila kuma da masu ƙarancin jini muna rubuta wa likita a takardarsu, domin gwajin suga na wata uku yakan ba da sakamakon da ba daidai ba a wajensu.

Asabar, 21 ga Yuni

An fara zagaye na biyu ga waɗanda aka auna a Janairu da Fabrairu. Wasu ƙugunsu ya ragu da santimita biyu ko uku alhali sikeli bai motsa sosai ba, kuma haka ake tsammani, don kitsen ciki yana saurin amsa motsa jiki. Wasu ya ƙaru, ga naman Sallah bai daɗe da ƙarewa ba. Mai shagon nan na Fabrairu ya dawo da katinsa, yana shan maganin jini, ya daina lemon kwalba da rana, ya rage sukarin shayi, kuma yana zuwa kasuwa a ƙafa maimakon adaidaita sahu. Ƙugunsa 94 yanzu.

Shawarar da muke bayarwa ba ta wuce abin da ke cikin tukunyar gida ba. A rage malmalar tuwo da shinkafa da taliya, a ƙara wake, zogale, rama, kuɓewa. Zoɓo da kunun aya da fura a sassauta musu sukari. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin. Tafiya mai sa haki kaɗan, minti 150 a mako. Ina ba su labarin babban binciken rigakafin suga na Amurka da aka buga a 2002, inda masu dab da kamuwa da suka nufi rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da wannan tafiya suka rage haɗarin da kashi 58 cikin ɗari. Mai kilo 80, kilo biyar da rabi ke nan, ba sai ya rame ba.

Inda muka fi samun cikas shi ne motsa jikin mata. Wadda ba ta fita sai da dalili, gidan kuma ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ina za ta yi tafiyar rabin awa? Malama ta yarda a buɗe harabar makaranta da sassafe kwana uku a mako, mata zalla, mai unguwa kuma ya ce zai yi wa magidanta magana bayan sallar Juma'a. Na biyu, takardun da muke ba mutane zuwa asibiti ba duka suke dawowa da amsa ba, wasu kuɗin gwaji ne ya tsayar da su, wasu layi.

Asabar mai zuwa za mu zauna da telolin unguwa, maza da mata. Tef yana wuyansu kullum, kuma su ne ke ganin awon mutum yana ƙaruwa daga Sallah zuwa Sallah. Za mu nuna musu wurin ɗora shi tsakanin haƙarƙari da ƙashin ƙugu, mu bar musu igiya da katin da ke ɗauke da ranakun awonmu. Ɗalibar da ke taimaka mini za ta bi gidajen waɗanda ba su dawo da amsar asibiti ba, ta fara da masu jini sama da 160 bisa 100.